Ruwan Bisa

Malama Nafisat ta san sunayen Turawa bakwai da suka yi rubutu a kan yadda ɗan Adam yake koyo, kuma ko daga barci aka tashe ta za ta jero su ba tuntuɓe, har da shekarun da suka mutu. Shekara uku ta yi a kwalejin horon malamai tana haddace su. Sai dai duk cikinsu ba wanda ya gaya mata yadda za ta yi da Inna Tasalla.

Ajin nata na matan aure ne, a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Roni. Kullum ban da Alhamis da Juma'a, da an sallame azahar sai ta hau mashin daga Kazaure, ta ƙanƙame jakarta, a yi ta hawa da gangara da ita har makarantar firamaren ƙauyen, lokacin yara sun tashi. Mata goma sha huɗu ne, suna zama a tabarma domin bencin yara ya yi musu kaɗan. Wata ƙungiya ta ba ajin kwamfutar hannu guda uku masu faɗin faranti, da ake yi wa caji da sola. A cikinsu akwai muryar wata mace mai sauraron karatu. In an karanta daidai ta ce, "Madalla!" sai a ji tafi raf-raf-raf. In an kuskure ta ce, "Sake gwadawa," ba tausayi ba lallashi. Matan suka raɗa mata suna 'Yar Birni, saboda ba ta gaisuwa, ba ta tambayar mutan gida.

Inna Tasalla ta kusa shekara sittin. Siririya ce gajeriya, jinin Fulanin da suka zauna suka haɗa kiwo da noma, har yanzu Hausarta tana da ɗan kaifin Fillanci. Ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tashi. Wata biyar da suka wuce ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, yanzu kuwa ba buhun taki ko kwalin magani da zai wuce ta gabanta ba ta tsayar da shi ta karanta ba. Nafisat tana sonta ƙwarai, irin son da malami ke yi wa ɗalibin da ya sa shi jin aikinsa ba a banza ba ne.

Dokar ajin ita ce, duk wadda za ta wuce zuwa aji biyu sai ta koma baranda ita kaɗai ta karanta wa 'Yar Birni wani labarin damina mai layi goma. Sau uku ake ba mutum dama. Inna Tasalla ta shiga sau biyu, sau biyun kuma 'Yar Birni ta kore ta.

Ranar da ta faɗi na biyun, ta dawo cikin aji ta ajiye na'urar a hankali kamar ƙwaryar nono, ta gyara lulluɓinta.

"Malama, saura ɗaya ko?"

"Saura ɗaya, Inna. Ranar Laraba mai zuwa, ranar da Malam Falalu mai duba ajujuwa zai zo."

"To. In ta sake kora ta, na gode wa Allah, na gode miki. Da furfurata ba zan zauna cikin sababbin zuwa ana maimaita min ba-bi-bu ba. Sai in koma wajen awakina."

Ba da fushi ta faɗa ba, kuma shi ya fi tayar wa Nafisat hankali. Mai fushi ana lallashinsa. Wanda ya yi magana a natse irin haka ya riga ya gama shawara.

Da yake na'urar tana ajiye muryar duk wanda ya karanta, Nafisat ta tafi da ita gida, ranar Asabar da hantsi ta zauna a tsakar gidansu a Kazaure ta kunna karatun Inna, tana bin layin da yatsa. Layin farko cewa ya yi, "Hadari ya haɗo a sama." Muryar Inna ta fito tar, ba gargada: "Hadari ya haɗo a bisa." Layi na uku, "Ruwan sama ya sauka." Inna ta ce, "Ruwan bisa ya sauka." Can ƙasa aka rubuta, "Samari sun fita gona," ita kuwa ta ce matasa ne suka fita. Nafisat ta ƙirga. "Sama" sau bakwai, "samari" sau biyu, kuskure tara ke nan, duk sauran labarin kuwa ko wasali ɗaya ba ta ɓata ba.

Sai Malama ta ɗauko littafinta na kwaleji. A babin farko masana sun ce koyo sabo ne: a yi ta maimaita abu, in mutum ya dace a yaba masa, in ya kauce a dawo da shi, har abin ya zauna. Ta gyaɗa kai irin na likitan da ya gano ciwo. Wato Inna tana da matsala da gaɓar "sa". Ta samo kwalin sabulu da almakashi, ta yanka katuna, ta rubuta kalmomi da manyan baƙaƙe, tana jin daɗin kanta.

Da aka zauna aji ta kira Inna gaba, ta ɗaga kati na farko.

"Inna, wannan fa?"

"Sabulu."

"Madalla! Wannan?"

"Saniya. Ai wannan ko a duhu na san ta."

"Wannan?"

"Sanda."

Nafisat ta ɗaga na huɗu. Inna Tasalla ta dubi katin, ta dubi kwanon rufin aji, ta dawo da idonta kan tabarma.

"Bisa."

"Haba Inna! Ina kika ga 'bi' a nan?"

"Babu shi."

"To me aka rubuta?"

"Abin da aka rubuta shi aka rubuta, Malama."

Nafisat ta rarraba mata kalmar gida biyu. Inna ta ce "sa" lafiya lau. Ta ce "ma" lafiya lau. Aka ce ta haɗa, ta ce "bisa". Sau biyar ana haka. Da Malama ta waiwaya sai ta ga duk matan sun cusa fuska cikin mayafi, kafaɗu sai rawa suke yi. Ranta ya ɓaci, ta zaci tsohuwa suke yi wa dariya, ta yi musu faɗa sosai a kan girmama na gaba. Faɗan ma ƙara musu ya yi, har wata ta tashi ta fita waje wai za ta sha ruwa.

Bayan an tashi, tana tsaye a bakin hanya tana jiran mai mashin, sai ga Amarya ta biyo ta. Amarya 'yar Gwiwa ce da aure ya kawo, haihuwarta shida amma sunan amarcin ya ƙi sakinta, kuma bakinta ba ya ajiye magana ta kwana.

"Malama, don Allah in tambaye ki. Kin san sunan maigidan Inna?"

"Malam mana."

"Malam wa?"

A rajista "Tasalla" kawai Nafisat ta rubuta.

Amarya ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Sama'ilu. Kuma duk garin nan Malam Sama ake ce masa. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ba mahaluƙin da ya taɓa jin wannan kalma a bakinta. Ko ruwa ake tafkawa kamar da bakin ƙwarya, ita dai ruwan bisa ne. Ke kuma kin tsare ta a gaban jama'a da kwali wai sai ta faɗa!"

"Me ya sa ba ta gaya min ba?"

"Ta gaya miki yaya? Ta ce, 'Malama, ba na faɗin kaza,' ai ta faɗa ke nan."

Kunya ta lulluɓe Nafisat tun daga kai har ƙafa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ba baƙon abu ba ne a wurinta. Kakarta ta wajen uba har ta bar duniya kaɗa take cewa, ba ta taɓa cewa auduga ba, saboda sunan kakansu Audu. Amma da yake a littafin kwaleji ba a sa wannan ba, sai ta bar shi a gida ta tafi aji ba shi.

Suna cikin tafiya a kan mashin, sun kai daidai inda hanya ta ratsa tsakanin duwatsu, gero ya yi kore shar a gefe da gefe, sai wani tunani ya faɗo mata. Kafin mutum ya ga "samari" ya ce "matasa", sai ya karanta kalmar tukuna, ya gane ma'anarta, ya lalubo 'yar'uwarta, ya sa ta a gurbin, duk a cikin numfashi ɗaya. Sauran matan suna haɗa baƙi da wasali ne suna fitar da sauti. Inna kuwa aiki biyu take yi a lokaci guda. Ga shi nan ma a babi na biyu na littafinta, inda aka ce mai koyo ba ƙwarya ba ce wofi da za a ɗura wa ilimi, yana zuwa ne da kayansa, a kansu yake ɗora sabon. Ta ci wannan tambayar a jarrabawa da maki mai kyau, amma sai yau ta san abin da ta rubuta. Ashe duk ajin ba wadda ta kai Inna karatu, kuma ita ce na'ura take kora. Dariya ta ƙwace mata, har mai mashin ya rage gudu ya tambaya ko lafiya.

Gane ciwo daban, magani daban. Ranar Lahadi ta ja Inna gefe ta ba ta haƙuri a kan katunan, sannan ta gwada lallashi.

"Inna, ai ba shi kike kira ba. Inda hadari yake ake nufi."

"Bakin dai ɗaya ne, 'yar nan."

"Sau tara ne fa kawai, kuma ba mai ji sai na'ura."

"Ni zan ji."

Ta buga wa Malam Falalu waya ta tambaya ko za a iya canja labarin. Ya ce labarin a kulle yake tun daga inda aka ƙero abin, shi ma ba shi da mabuɗinsa, kuma kada ta manta doka ta ce kowace ɗaliba ita kaɗai. Ya yi mata fatan alheri ya kashe.

Ranar Litinin ta shigo aji hannu rabbana. Tun farkon zango take gaya wa matan cewa tsarin ajinsu koyo ne ta haɗin gwiwa, amma gaskiyar magana abin da take yi shi ne ta raba su gida uku, kowane gida ta ba shi na'ura ɗaya, kowace ta zauna jiran layinta kamar a asibiti. Yau da dabara ta ƙare mata, sai ta nemi izinin Inna, ta zauna a tabarma cikinsu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Iyayena da yayyena, kun san matsalar tun kafin ni. Jibi ne Laraba. Ni kam nawa ya ƙare. Yaya za mu yi?"

Kamar jira suke. Aji ya kaure. Wata ta ce Inna ta yi tari daidai wurin. Aka buɗe sashen gwaji na wasa, wanda ba a lissafa shi, Inna ta yi tari, 'Yar Birni ta ce, "Sake gwadawa." Wata ta ce ta faɗa da Fillanci. Aka gwada, 'Yar Birni ba ta jin Fillanci. Wata ta ce a tsallake kawai a wuce da sauri ko ba za ta lura ba. Ta lura.

Sai Sadiqa, wata matashiya mai shiru-shiru wadda ta fi kowa sanin inda ake dannawa, ta ce a hankali, "Ni dai na lura 'Yar Birni ba ta da ido. Kunne kawai gare ta. Ranar nan ɗana ya yi magana ina cikin karatu, ta ɗauka ni ce."

Amarya ta daki cinya. "Lugude! Wallahi lugude za mu yi mata! Turmi ɗaya, taɓarya biyu. Inna ta ɗaga, ni in sauke. In ta zo wurin sai in jefa kalmar, ita ta ci gaba."

"Wannan ai satar amsa ce," in ji Nafisat, ko da yake zuciyarta ta fara tsalle.

Inna Tasalla ma ta girgiza kai. "Ba na so a ce karanta min aka yi. Idona ne ya yi wahalar nan wata biyar."

Sadiqa ce ta sake warware ƙullin. Ta ce to kada Amarya ta ga rubutun sam. Su zauna kafaɗa da kafaɗa, Inna ta fuskanci gabas da na'ura a hannu, Amarya ta fuskanci yamma tana kallon bango. In Inna ta ga kalmar sai ta mintsini Amarya sau ɗaya. In ta samarin ce, sau biyu. Ido na Inna, ganewa ta Inna, Amarya baki kawai za ta ba da aro.

Inna ta juya maganar a ranta. Can ta ce, "Aron baki. To, wannan na yarda. Ai ko biki ana aron tukunya, abincin dai na mai gida ne."

"Ni fa 'yar Gwiwa ce," in ji Amarya tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Haɗin gwiwar nan da Malama take ta faɗa, a garinmu aka yanke masa cibiya."

Kada ka so ka ga gwajin farko. Inna ta saba tatsar saniya, yatsunta ba na wasa ba ne. Ta ce, "Hadari ya haɗo a," ta kai mintsini, Amarya ta ce, "Wayyo Allah!" 'Yar Birni ta ce, "Sake gwadawa." Mata suka zube a tabarma, har Malama sai da ta share hawaye. A na biyu Amarya ta makara. A na uku ta riga mintsinin. Sai wata dattijuwa ta ce ai lugude ba a yin sa sai da kiɗan taɓarya, ta fara buga cinyarta a hankali, sauran suka kama, Inna ta ɗora karatunta a kan bugun. Kafin la'asar muryoyin biyu sun fara shiga juna kamar ta mutum ɗaya.

Ranar Talata Inna ta ce ba ta cin aro ba ramuwa. Amarya ma tana da jarrabawar gobe, kuma dogayen kalmomi suna kayar da ita, domin gaggawarta ba ta barinta ta kai ƙarshen kalma sai ta cinka. Inna ta zaunar da ita, ta sa babban yatsa ta rufe rabin kalma, sai ta karanta na farko sannan ta buɗe mata sauran. Sauran matan suka gani suka kama yi wa juna. Nafisat ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ba wadda ta neme ta. Ta ji wani ɗan kishi ya taɓa ta kaɗan, daga baya farin ciki ya danne shi.

Malam Falalu ya iso ranar Laraba a kan mashin ɗinsa, da fayil a ɗaure a baya. Mutumin Babura ne, ya haura hamsin, mai tabarau da son a bi abu yadda aka rubuta shi. Ya gaisa da matan cikin ladabi, aka sa masa kujera a baranda. Mata huɗu suka shiga ɗaya bayan ɗaya, har da Amarya, duk suka wuce. Da aka kira Inna Tasalla sai ya ga mutum biyu sun taso, sun zauna ɗaya gabas ɗaya yamma.

"Malama, wannan kuma fa?"

Nafisat ta yi masa bayani. Sunan ma a kunne ta raɗa masa, don Inna tana kusa.

Ya gyara tabarau. "Na ji, kuma na girmama. Amma takarda cewa ta yi kowace ita kaɗai."

Sai ta ɗauko Turawanta, ta fara jero su da shekarunsu. Ya ɗaga hannu.

"Bar su su huta. Na koyar da su shekara goma kafin in dawo wannan aikin. Ke me kika gani?"

Ta ce, "Yallaɓai, an koya mana cewa akwai abin da ɗalibi zai iya shi kaɗai, akwai wanda sai an tallafa masa, a hankali a janye tallafin. Da farko na zaci Inna ce mai bukatar tallafi. Ashe ba ita ba ce. Ita ta iya labarin nan duka, har da ƙari. Na'urar ce ba ta san cewa bisa da abin nan ɗaya ba ne, ba ta kuma san ana jin kunyar suna ba. Ita muke tallafa wa, Yallaɓai, don ta iya jin abin da Inna ta sani."

Malam Falalu ya dube ta ta saman tabarau. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne.

"Magana ta yi daɗi. Amma kwana biyu kuna maimaitawa, wannan baiwar Allah ta haddace labarin. Ko ba a taɓa ta ba ta san inda za ta shiga. Ku zo ciki."

Ya ɗauki alli, ya sa Amarya ta juya wa allo baya, ya rubuta nasa layukan da ba wanda ya taɓa gani. Nan take Nafisat ta ga tarkon da ya ɗana.

Inna ta matso ta ƙanƙance ido. "Sanda tana," ta kai mintsini.

"Sama!" in ji Amarya.

"Saniya ta ga," mintsini biyu.

"Samari!"

"Sabo ya samo sabulu." Wannan ta karanta abinta ita kaɗai, ba ta taɓa kowa ba, har da ɗan murmushin wadda ta gane an so a ruɗe ta.

Saura layi ɗaya. Ya fara da kalmar da ba a yi shiri da ita ba: "Samaniya ta yi duhu." Inna ta tsaya. Ta dubi allon, ta dubi Malam Falalu. Sai ta kai hannu ta mintsini Amarya sau uku.

"Inna, uku kuma na mene ne? Ba mu yi da uku ba!"

Inna ba ta waiwaya ba. "Ke, shuɗin nan mai faɗi da ke rufe da mu. Inda taurari suke."

"Samaniya!"

"Ta yi duhu," in ji Inna, ta naɗe hannuwanta.

Malam Falalu ya yi ƙoƙari, amma abin ya fi ƙarfinsa. Ya cire tabarau ya yi dariya har da riƙe ciki, matan kuwa dama neman dalili suke. Da ya samu numfashi ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Shekara ashirin ina duba karatu, ban taɓa ganin wanda ya fassara kalma bai faɗe ta ba. Ku je ku yi lugudenku. Ni zan rubuta a rahoto cewa na'ura ce take bukatar ƙarin darasi."

Suka koma baranda. Doka ta hana kowa matsowa, don haka mata goma sha biyu suka cunkushe a taga da ƙofa, kowace tana buga cinyarta a hankali yadda 'Yar Birni ba za ta ji ba. Nafisat tana ƙirga wuraren mintsini a zuci. Ɗaya. Biyu. A na shida Amarya ta ɗan shaƙe, amma ta fito da ita. Tara. Inna ta kai layin ƙarshe ita kaɗai, ta sauke shi a natse. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a fuskar na'urar, ya yi ta juyawa, har Sadiqa ta rufe ido.

"Madalla!" in ji 'Yar Birni.

Tafin nata ba wanda ya ji shi, domin guɗar Amarya ta danne komai, har awakin da ke kiwo a filin makaranta suka watse. Mata suka yi caa a kan Inna, wannan ta riƙe hannu, wannan ta gyara mata mayafi. Amarya tana ta nuna wa kowa damtsenta wai a ga abin da ilimi ya ja mata. Nafisat kuwa ta rasa abin yi, sai ta durƙusa a gaban tsohuwar tana dariya, hawaye na zuba.

Da ƙura ta lafa, Malam Falalu ya buɗe fayil ya fito da fom ɗin takardar shaida. Ya cike na sauran, ya zo kan na Inna.

"Suna, Tasalla. Sai layi na biyu, sunan maigi..." Ya kama bakinsa, amma ya makara. Dariya ta sake tashi.

Amarya ta buɗe baki za ta ba da aro kamar yadda ta saba. Inna ta dafa mata gwiwa.

"Bari. Wannan ba na aro ba ne." Ta miƙa hannu. "Malam, ba ni abin rubutun."

Ya miƙa mata biro da fom ɗin, ya ɗora mata a kan fayil. Kowa a ajin ya san in Inna tana rubutu leɓɓanta suna motsi, tana kiran kowace gaɓa kafin ta zana ta. Yau sai ta sa tafin hannun hagu ta toshe bakinta gam. Ta sunkuya. Biro ya yi ta tafiya a hankali, yana tsayawa, yana ci gaba. Da ta gama ta ja gefen mayafinta ta rufe rubutun, kunya ta kama ta kamar yarinya, sannan ta ɗan ɗaga gefe ɗaya ta tura wa Nafisat.

"Duba min, 'yar nan. A zuci za ki duba."

Nafisat ta duba a zuci. Baƙaƙen sun ɗan karkace, sun haura layi, amma ba abin da ya ɓace, har 'yar alamar nan ta tsakiya tana wurinta.

"Daidai ne, Inna. Ko ɗaya ba ki bari ba."

Inna Tasalla ta janye mayafin gaba ɗaya. Ta daɗe tana kallon sunan da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana kewaye shi, ta bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Ashe haka yake," ta ce a hankali. "Dogo ne, kamar mai shi."